Cokalin Alkama a Gidan Dobrivoje

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 4:10 na yamma

Ina ofishin Madam Leposava Grujin, hawa na biyu a ginin majalisa, ni kaɗai. Ta tafi wajen likitan haƙori. Na'urar ɗumama ɗaki ta lalace, da kwat a jikina nake rubutu. Wata huɗu ke nan da na karɓi digirin shari'a, wata biyu da na fara aiki a nan. Abin da na gani da idona ko na ji da kunnena kawai zan riƙa rubutawa. In zato ne, zan ce zato ne.

Da safe shugaban kwamitin shari'a, Honarabul Stamenko, ya sa ranar jin ra'ayin jama'a kan ƙudirin Madam: Laraba, 12 ga Nuwamba. Ƙudirin gajere ne. Yana cewa idan ma'aikaci ya mutu saboda an ƙi tsayar da aiki mai haɗari, ba helman da ya sa hannu kaɗai za a gurfanar ba, har da wanda ya ba da umarni daga sama.

Stamenko yana murmushi ya ce, "In mutum ɗaya tak daga Sivi Dol ya zo ya ce yana son dokar nan, za mu kaɗa ƙuri'a. In ba wanda ya zo, Leposava, sai mu sa ta a durowa, ki huta, mu ma mu huta."

Ya san abin da yake faɗa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce dutse ya rufto wa mutum bakwai a ma'aikatar fasa dutse ta Sivi Dol. Madam ce mai gabatar da ƙara. Mutum ɗaya aka ɗaure, helman ma'aikata, shekara huɗu. Bai ce komai ba a kotu. Masu kamfanin ko ƙofar kotun ba su taka ba, don doka ba ta kai kansu ba. Saboda wannan ne daga baya Madam ta ajiye aiki ta tsaya takara. Har yau mutanen Sivi Dol ba sa gaishe ta.

Sunan helman Dobrivoje. Babana ne. Na rubuta sau ɗaya, ba sai na sake ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Madam ta san ko ni wace ce. Ranar da ta ɗauke ni aiki ta dubi takarduna ta ce, "Isidora, 'yar Dobrivoje ta Sivi Dol?" Na ce e. Ta ce, "Makinki ya fi na sauran. Ki zo Litinin." Tun daga nan ba mu sake zancen ba.

Baba ma ya sani. Bai taɓa kiran aikina da suna ba. Sai dai ya ce, "Can inda kike, akwai sanyi?"

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Jibi za mu Sivi Dol wajen Gwaggo Kosara, maƙwabciyarmu. Mijinta Vitomir yana cikin bakwai ɗin, kuma abin da ta ce shi sauran matan ke yi.

Kwalbar ce ke damuna. Shekara ashirin da shida Madam ta yi tana gabatar da ƙara a yankinmu, ba ta taɓa shan ko ruwa a gidan kowa ba. Kwalbar ruwanta tana cikin jaka kullum. An ce bikin ɗan ƙanwarta ma da dafaffen ƙwai ta je a jaka. Wannan ban gani da idona ba. Kwalbar kam ina ganinta kowace rana.

Na so in yi mata magana. Na tsara jumlar a raina, har na gyara ta. Da ta ɗago ta ce, "Mene ne?" sai na ce tawadar firinta ta ƙare. Gaskiya ne, ta ƙare.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe 6:45 na yamma

Abin bai yi kyau ba.

Gwaggo Kosara ta tarbe mu da baƙaƙen kayanta, ta zaunar da mu a ɗakin baƙi, ta fito da tire: slatkon inabi, wato inabi cikin sukari na tarbar baƙo, da ta dafa da hannunta, zaƙinsa har sheƙi yake, da cokula, da ruwan sanyi. Gahawa tana kan wuta. Ta miƙa wa Madam tukuna, kamar yadda ake yi.

Madam ta ce, "Na gode. Ba na ci a gidan mutane." Ta ciro kwalbar ta ajiye a kan tebur. Sannan ta gyara zama ta ce, "Yaushe mijinki ya fara ƙorafin tsagewar dutsen? Kafin ruwan sama ko bayansa? Ki yi tunani da kyau kafin ki amsa."

Gwaggo tana tsaye da tiren. Ba Madam ta duba ba, ni ta duba.

"Isidora, 'yar nan, uwar ɗakinki guba take tsoro ko ƙazanta?"

"Gwaggo, ba haka ba ne, al'adarta ce tun..."

"Ni na ɗauka baƙuwa na yi. Ashe sammaci aka kawo mini."

Don kunya na ɗauki cokali na ci. Na sake ɗaukar wani na ci, na Madam, ko zai shiga a madadinta. Bai shiga ba. Gwaggo ta juya da tiren ta koma kicin, muka ji ta sauke gahawar daga wuta. Tun da nake ban taɓa ganin an sauke gahawar baƙo ba.

Da za mu fita daga garin mun bi ta ƙofar gidanmu. Baba yana jera itacen hunturu a gindin bango. Ya ga motar. Ban sauka ba.

A hanya Madam ta ce, "Me na yi?"

Na ce, "Ba ki ci ba, ranki ya daɗe."

"Shekara ashirin da shida ban ci ba. Shi ya sa ba mahaluƙin da ya taɓa cewa an saye ni."



Lahadi, 26 ga Oktoba, da rana

Ban kira gida ba.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe 3:20 na yamma

Tsofaffin ma'aikata biyu da suka ce za su duba ko za su zo, sun kira yau, ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce ciwon baya. Na biyu ya ce ciwon baya. Matar na biyun ta karɓi wayar ta ce wata farar mota ta tsaya a ƙofarsu jiya, sai layin ya yanke. Na sake kira, ba a ɗauka ba.

A matakala na haɗu da Honarabul Stamenko. Bai taɓa yi mini magana ba. Yau ya tsaya ya ce, "Ki gaishe da Baba."

Na je banɗaki na wanke fuska. Ban gaya wa Madam ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

Ban kira gida ba. Ba na iya cin abinci.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe 12:15 na rana

Na faɗa.

Manyan jam'iyya biyu sun shigo da safe suka rufe ƙofa. Ban ji abin da aka ce ba, sai muryar Madam sau ɗaya: "Ba zan janye ba." Da suka fita ta zauna ta ce in kawo mata sunayen duk wanda za a iya tilasta wa ya bayyana.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba wanda za a iya tilasta wa. Nan ba kotu ba ce. Da can ke kike kiran mutane su zo gabanki. Yanzu ke kike zuwa gidajensu."

Ta cire tabarau ta dube ni. Na tabbata aikina ya ƙare. Har na fara tunanin kwalin da zan zuba kayana.

Ta ce, "Ci gaba."

Na ce, "Shi ke nan. Iya abin da na tsara ke nan."

Ta yi dariya. Ban taɓa jin dariyarta ba. Gajeriya ce, kamar tari.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Mama ce ta kira. "Ke kin mutu ne? Asabar mai zuwa slavarmu ce, bikin waliyyin gidanmu, ko majalisa ta soke Waliyyi Dimitrije? Ki zo Juma'a ki taya ni naɗin kabeji, hannuna ba ya yi kamar da."

Na ce, "Baba fa?"

"Yana nan. Ya ce ya ga wata mota mai kama da ta manya, da wata yarinya a ciki mai kama da 'yarsa, amma tasa 'yar da ta sauka."

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 4:50 na yamma

Ina haɗa jaka Madam ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Waliyyin gidanku Dimitrije ne."

Na ce e.

"Ana saura kwana uku slavarku aka yanke hukuncin. Na ga kalanda a lokacin." Ta juya shafi. "Har yanzu a Sivi Dol ba a korar wanda ya zo?"

"Ba a kora, ranki ya daɗe."

"Sai da safe."

Ba ta ce za ta zo ba. Ba ta ce ba za ta zo ba. In gaya wa Mama ta ƙara faranti? In na faɗa, Baba zai ji. In ban faɗa ba kuma ta zo?

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 7:00 na yamma, a gida

Mun naɗe kabeji tukunya biyu. Mama ta dafa alkamar bikin ta niƙa da sukari. Ɗan rago yana rataye a rumfa. Baba ya goge mazaunin kyandir. Ya ce, "Can inda kike ba sa ba ku abinci ne?" Iya maganarmu ke nan.

Ban faɗa ba. Amma na wanke faranti ɗaya na ɓoye a bayan kwandon burodi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, ƙarfe 8:30 na safe

Ta zo! Bari in bi a hankali, kada in tsallake wani abu.

Jiya da safe aka kai burodin slava coci, aka dawo, Baba ya kunna kyandir. Daga nan ba zai sake zama ba sai kyandir ya mutu, haka mai gida yake yi, a tsaye yake hidimar baƙinsa. Kafin ƙarfe ɗaya ɗakin ya cika: 'yan uwa, maƙwabta, Gwaggo Kosara da sauran matan a dogon benci. Ni ke riƙe da tiren alkama a bakin ƙofa.

Aka ƙwanƙwasa. Ba wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa ranar slava.

Madam ce, ita kaɗai, babu direba, takalminta duk laka. A bas ta zo, ta tako daga bakin titi.

Baba ya zo ƙofa. Suka dubi juna.

Ta ce, "Barka da slava, mai gida."

Ya ce, "Barka da zuwa." Ya matsa gefe. Ya dube ni. "Isidora, ba baƙuwa alkama."

Na miƙa. Kowa ya san alkamar nan ta mamata ce, don su ake ci. Madam ta yi alamar gicciye, ta ɗauki cokali, ta ɗebo, amma ba ta kai baki ba. Sai ta fara kiran sunaye. Ta fara da Vitomir na Gwaggo Kosara, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan mahaifinsa, har na bakwai, babu takarda, babu tuntuɓe. Ina binta a raina, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ta ce, "Allah ya jiƙansu." Ta ci. Na ga ta haɗiye.

Wata a benci ta fara kuka a hankali.

Sai kuma Madam ta yi kuskure na biyu. Mama ta nuna mata kujera, sai Madam ta ce, "A'a. Muddin mai gida yana tsaye, ni ma zan tsaya." Zatona girmamawa take nufi. Amma baƙon da ya ƙi zama, teburin ya raina. Na ga fuskar Mama ta canza.

Baba ne ya jawo kujerar da kansa.

"Zauna," ya ce. "Na saba tsayuwa a gabanki."

Ba wanda ya motsa. Sai Kawu Radisav ya fashe da dariya har giya ta fito masa ta hanci, ɗakin duka ya ɗauka. Madam ta yi ja har kunne, ta zauna. Na ruga na ɗauko farantin daga bayan kwandon burodi. Mama ta harare ni, ta gane.

Gwaggo Kosara ta taso daga benci ta zauna kusa da Madam, ta karɓe cokalin rabo daga hannun Mama. Ta zuba mata miya. Ta zuba naɗin kabeji. Da ta cinye ta ƙara. Ta ɗora naman rago.

"Na ƙoshi, wallahi," in ji Madam.

"Wannan na shekarar farko ne," in ji Gwaggo. "Saura ashirin da biyar. Ci."

Ta ci. Ta sha gahawa. Gwaggo ta aika aka ɗauko slatkon inabin nan daga gidanta, shi ɗin dai, ta tsaya a kanta har ta lashe cokalin.

Na saurara da kyau duk yinin: Madam ba ta ambaci ƙudiri ba, ba ta ambaci dutse ba. Tambaya ɗaya tak ta yi, wajen la'asar: "Akwai sauran kabejin nan?" Gwaggo ta buga tebur ta ce, "Yauwa! Yanzu kika yi tambayar mutane."

Da za ta tafi Baba ya raka ta bakin ƙofa. Ina bayansu da kwat ɗinta.

Ya ce, "Don Laraba kika zo."

Ta ce, "Don ita na zo, Dobrivoje. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba don ita na ci ba."

Ya dubi itacen da ya jera.

"Ƙarfe nawa?"

"Goma."

Ya gyaɗa kai, ya koma ciki, don baƙinsa na jira.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da rana

Madam ba ta zo ofis ba. Ciwon ciki. Ta kira da kanta ta faɗa, kuma na rantse da alfahari ta faɗa.

Gyaɗa kai ba alkawari ba ne. Ina ta tuna wa kaina haka.

Talata, 11 ga Nuwamba, da yamma

Na kira gida. Mama ta ce farar mota ta tsaya a bakin layinmu da safe. Gwaggo Kosara ta fita da tire ta ƙwanƙwasa gilashin ta ce su sauko su sha gahawa. Suka tafi.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe 5:00 na yamma

Mun ci!

Goma saura kwata babu kowa. Stamenko yana duba agogo yana wasa da biro. Ina tsaye a taga. Sai ga bas ɗin ƙauyenmu, wanda ke kai yara makaranta, ya tsaya a inda aka hana tsayawa. Matan suka fara sauka da baƙaƙen kayansu, Gwaggo Kosara a gaba. Tsofaffin nan biyu masu ciwon baya ma sun sauko, garau. Baba ne ƙarshe, cikin kwat ɗin da ya sa a kotu. Ya yi masa yawa yanzu.

Da aka kira sunansa ya tsaya a bayan kujerar shaida, hannu a gefe. Magatakarda ya ce, "Ka zauna, malam."

Ya ce, "In zauna?"

Madam ta ce, "Yau kai ne baƙo."

Ya zauna a hankali, ya jingina.

Ban taɓa jin abin da ya faɗa ba, ko a gida. Ya ce an kwana uku ana ruwa. Da safe ya hau ya ga tsagar ta buɗe har hannunsa yana shiga. Ya kira ofishin kamfani sau biyu ya ce a tsayar da aiki. Aka ce masa in ya tsayar, kada ya dawo gobe, shi da mutanensa duka. Ya ce, "Sai na sa hannu. Ni na sa. Wannan matar daidai ta yi aikinta. Amma wayar nan tana da kai biyu, ni ɗaya kuka ɗaure."

Na dubi Madam. Ta dunƙule hannuwanta a ƙarƙashin tebur. Na san tambayoyi sun cika mata baki. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Stamenko ya ce, "Me ya hana ka faɗi haka a kotu?"

Baba ya ce, "Ba wannan tambayar kuka kira ni in amsa ba."

Sai Stamenko ya juyo inda nake tsoro. "Kwamiti ya san cewa 'yar wannan shaida tana cin albashi a ofishin mai ƙudirin?"

Kowa ya waiwayo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya ce, "Gaskiya ne, ga ta can, mai rawar hannu. Ta fi kowa maki a ajinsu. Da ta nemi shawarata, da na ce kada ta kusanci matar nan. Amma kai ma in kana da 'ya'ya, Honarabul, ka san ba sa tambaya."

Har 'yan ɓangaren Stamenko sun yi dariya. Gwaggo Kosara ta ɗaga murya daga baya: "Ku kaɗa mana, bas ɗin yara muka aro!"

Aka kaɗa. Da tazarar ƙuri'a ɗaya muka wuce. Na ƙirga hannuwan, na sake ƙirgawa. Ƙudiri zai tafi zauren majalisa.

A waje matan suka baje burodi da cuku a kan matakalar majalisa, ɗan sanda ya zo zai hana, aka miƙa masa nasa. Madam ta ci a tsaye, a bainar jama'a, ana ɗaukar hoto. Baba ya zo kusa da ni, ya gyara mini wuyan kwat.

Ya ce, "Yaya aikin?"

Aikin, ya ce.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, ƙarfe 4:10 na yamma

An gyara na'urar ɗumama ɗaki. Littafin nan ya kusa cika, don haka ga abin da har yanzu ban sani ba:

Ban san wanda ke cikin farar motar ba, ko wanda ya aiko shi.

Ban san wanda ya amsa wayar Baba da safiyar ranar da dutsen ya rufto ba. Ya ce murya ce kawai. Zatona ya san mai ita.

Ban san abin da ya sa ya yi shiru a kotu ba. Na tambayi Mama, ta ce in je in duba tukunya.

Ban san yadda za ta kaya a zauren majalisa ba. Madam ta ce ƙuri'unmu sun isa. Na duba, sun isa, in ba wanda ya kamu da ciwon baya.

Ban san ko mantuwa Madam ta yi da kwalbarta a kan tagar ɗakinmu ba. Mama ta same ta washegarin slava. Madam ba ta tambaya ba, ba ta sayi wata ba.

Ban san ko ta tuna cewa a wajenmu wanda ya zo slava sau ɗaya, kowace shekara ake sa ransa ba. Zatona ta tuna, ba ta manta komai. Baba dai ya riga ya kai wa kafinta tsohuwar kujerar nan, ya ce a ƙarfafa mata ƙafa, baƙuwar tana da ci.